Hoton Mai Agogo

Ƙanin matata, Injiniya ake ce masa. Bai taɓa karatun injiniya ba. Tun yana yaro ya kwance rediyon surukata wai zai gyara, sunan ya bi shi, rediyon kuwa bai sake magana ba. Wannan bawan Allah shi ya zaɓa mini inda zan ajiye aikin da na yi rabin rayuwata ina tarawa, ni kuma da furfurata da komai na ce masa to.

Sana'ata ɗaukar hoto. Kyamarata tana ajiye abin da muke kira ɗanyen hoto, wato hoton yadda haske ya shigo da shi, ba a rage masa komai ba. Nauyi gare shi kamar buhun siminti, amma da shi ne kake wanke hoto ya kai girman ƙofa har ka iya ƙirga gashin girar mutum. Duka ina tara su ne a wani baƙin diski mai girman sabulun wanki, yana ajiye a kan teburina kusa da kofin shayi. Wata rana diskin ya fara ƙara, ƙyas ƙyas, kamar ɓera a kwali. Na yi kuskuren faɗa a gida. Kafin in gama karin kumallo washegari, Injiniya ya riga ni shago.

Na tarar da shi zaune a kujerar da nake zaunar da masu ɗaukar hoto, bayansa labulen da aka zana wa ruwa mai gangarowa daga dutse, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Yaya, kai kaɗai ka rage a duniya mai ajiye aiki a diski," in ji shi. "Yanzu a intanet ake ajiya. Ko shagon nan ya ƙone, hotunanka na nan."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Shagon wa zai ƙone?"

"Misali na ba ka."

Ya buɗe kwamfutata ya nuna mini manhajoji. Ta farko tana ɗaukar hoto yadda yake, amma wurin ajiyarta a ƙayyade yake, in ka cika shi sai ka ƙara biya. Ta biyu ta fara da yi mini wa'azi, wai in sayi wani diskin in ajiye a wani gida daban, sannan in zo mu yi magana. Na ce wannan ba manhaja ba ce, suruka ce. Sai ya buɗe ta uku, ya juyo da allon gabana kamar mai nuna amarya.

"Karanta nan."

"Ma'ajiya mara iyaka," na karanta.

"Mara iyaka, Yaya. Ka zuba har ka gaji."

"Meye a ƙarƙashinta? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Babu komai. Manyan kamfanoni ne, neman jama'a suke yi."

Ni ba wawa ba ne, ko dai a lokacin haka nake zato. Na ce sai na gwada. Muka ɗora hotuna kaɗan, na buɗe su a wayata, na ƙura musu ido. Na duba launin fata, na duba inuwar da ke ƙarƙashin haɓa, na duba farin riga ko ya ƙone. Komai daidai. Ni mutum ne da ke cin abinci da idonsa. In idona ya ce abu ya yi, ban ga wanda zai ce mini bai yi ba. Akwai wata lamba ƙarama a gefen kowane hoto mai nuna nauyinsa, ko kallonta ban yi ba. Lamba aikin akawu ce. Ni mai hoto ne.

Aka ɗauki makonni ana ɗorawa. Data ta sha wuya, ni ma na sha. Da aka gama, kowane hoto ya fito da 'yar koriyar alama a gefe, Injiniya ya ɗaga tsohon diskin ya ce, "Wannan gawar fa?" Na ce ya tafi da ita. Har godiya na yi masa.

To, maƙwabcin shagona mai gyaran agogo ne. Tun ina da gashi a tsakiyar kai muke bango ɗaya da shi. Mutum ne da ba ya son hoto, yana cewa wanda ke son ganinsa ya zo ya gan shi. Shekarun da ya yi yana maƙala gilashin duba agogo a idonsa na dama sun sa idon hagu ya saba da rufewa, har ya zama ko hira yake yi, rabin idon a kanne yake, kamar mai shirin faɗa maka wani sirri. Sau ɗaya tak ya yarda na ɗauke shi, wata safiya da hasken rana ya faɗo a ƙofar shagonsa yadda nake so. Ya ce, "Yi sauri kafin in dawo hayyacina." A duk hotunan da na taɓa ɗauka, babu wanda ya kai wannan. Na san haka, na kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare.

Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya. Da kwana ya ɗan ja, babbar 'yarsa, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta shigo shagona ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baffa, Mama ce ta aiko ni. Hoton Baba da ka ɗauka, shi muke so. Ba mu da wani sai na katin shaida, shi kuma ka san kamar an kama ɓarawo."

"Malama, ai ko ba ku zo ba ni zan kawo."

"Babba take so, na bangon falo. Ta ce jikoki su taso suna ganinsa."

"Girman ƙofa zan yi muku," na ce, har da buga ƙirji. "Za ku ga zaren hularsa ɗaya bayan ɗaya."

Da ta fita na shiga ma'ajiyata mara iyaka, na danna a sauko mini da hoton. Na tashi zan haɗa shayi, don ɗanyen hoto ba ya saukowa da wuri. Ban kai ga kunna butar ba ya sauko. Na ajiye butar na dawo da sauri. Na buɗe shi a babban allo, na ja shi ya ƙara girma. Fuskar abokina ta farfashe ta koma murabba'ai, kamar tayil ɗin banɗaki. Idon nan da ke kanne ya zama wani baƙin tabo. Na sauko da wani hoton, haka. Na sauko da wani, haka. Aikin rabin rayuwata an matse shi ya koma girman tafin hannu.

Na kira Injiniya. Ya zo yana taunar cingam.

"Af," ya ce, bayan ya gama danne-danne. "Ashe mara iyakar tana rage nauyin hoto. Ga shi nan a saituna. Akwai maɓallin da za a danna in ana son na asali, amma shi yana da iyaka."

"Af? Af ka ce?"

"Ai kai ma ka duba, Yaya. Da bakinka ka ce ya yi."

"A waya na duba! Ina diskina?"

Ya daina taunar. "Wanne?"

"Diski nawa na ba ka?"

"Na goge shi. Na zuba wasannin ƙwallo."

"Diskin da ke ƙara kamar zai mutu?"

"Wallahi tun da na goge shi bai sake ƙara ba. Lafiya lau yake aiki."

Na zauna a kan kujerar masu hoto, ruwan labule na gangarowa a bayana. Wato diskin ma nauyina ne ya dame shi. Da aka sauke masa ni ya warke.

Na rubuta wa kamfanin. Wata na'ura ta amsa mini nan take, ta ce tana farin cikin jin ta bakina. Na ce ni ba na farin ciki. Ta ce ta fahimci yadda nake ji, ta tambaye ni ko na gwada kashe kwamfutar in sake kunnawa. Na rubuta mata abin da ba zan maimaita a nan ba, ta gode mini, ta roƙe ni in danna mata taurarin yabo. Wai su waɗannan mutane, a ce ka ba su amanar tsohon bijimi su miƙo maka ɗan tsako, su ce ai duk dabba ce! Kuma su sa maka koriyar alama a kai! Da mutum ne mai shago da ƙofa, da na je na tsaya masa a bakin ƙofa har unguwa ta taru. Amma wa zan tsaya wa? Ko adireshi ba su da shi, sai wani hoton mace mai murmushi da ba ta san ina duniya ba.

A gida na sauke sauran a kan uwar yarana.

"Ƙaninki ya kashe ni."

"Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi daga guga ba. "Shi ya riƙe maka hannu ka danna?"

"Jininku ɗaya, dole ki kare shi."

"Ni da na ce ka sayi sabon diski, ce mini ka yi mata ba su san na'ura ba."

Ban tuna na faɗi haka ba. Amma ya yi kama da maganata.

Washegari Injiniya ya dawo da wata sabuwar manhajar. Wannan, in ji shi, tana da basira, tana ɗaukar ƙaramin hoto ta mayar da shi babba, ta cike duk abin da ya ɓace. Da ina da sauran hankali da na nuna masa ƙofa. Amma na riga na buga ƙirji a gaban 'yar mutane, kuma kunya tana sa mutum cin abin da ya fi ƙarfin cikinsa. Muka zuba hoton a ciki.

Abin da ya fito ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ga zaren hula ɗaya bayan ɗaya. Ga fata sumul. Sai dai manhajar ta dubi idon hagu ta yanke hukuncin cewa kuskure ne, ta buɗe shi tangaran. Ta cike masa giɓin haƙori. Ta rage masa shekaru kamar goma sha.

"Ka gani?" in ji Injiniya. "Har ya fi na da."

Na ga idon. Ni da ke cin abinci da ido, na gan shi sarai. Na ce wa kaina ai daga nesa za a kalla, kuma mutane suna son a gyara musu mamatansu. Na kai aka wanke shi girman ƙofa, aka sa masa firam. Na kuma wanke ƙaramin na gaskiya, iya girman da zai iya ɗauka bai fashe ba, na sa a aljihu, ban ma san dalili ba.

Ni da direban tasi muka shigar da shi falon marigayi. An riga an kawar da kabad daga bango, an buga ƙusa. Matarsa na zaune a kujera da carbi a hannu, Malama na tsaye a gefenta. Na yaye takardar da aka naɗe shi da ita, na ja da baya.

Tsohuwar ta sa tabarau ta duba, ta cire ta goge, ta mayar.

"Mai Hoto, wannan wane ne?"

"Maigidan ne, Hajiya. An ɗan gyara hasken."

"Hasken." Ta juya wajen 'yarta. "Ke, ubanki ya taɓa kallonki da ido biyu?"

"Ko ranar da na fasa masa agogon bango, Mama."

"Ni na zauna da mutumin nan tun ba ni da furfura ko ɗaya. Wannan kyakkyawan saurayin ban san shi ba. In ka rataye shi a nan, maƙwabta za su ce na yi sabon aure ban gaya musu ba."

Malama ta rufe baki da mayafi. Ni ban yi dariya ba. Na buɗe baki zan fara bayanin kamfani da saituna da ƙanin matata, sai na ga babu ɗaya a cikinsu da ya shigo falon nan ɗauke da hoton baƙo. Ni na shigo da shi. Na sa hannu a aljihu na fito da ƙaramin.

"Wannan shi ne na gaskiya. Iyakar girman da zai yi ke nan. Babban ya salwanta a hannuna, ba zai dawo ba."

Ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi kusa da fuskarta. Ta daɗe tana kallo.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Ga ɗan rigimar nan."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Na yi alkawarin na bango."

"Ka yi. Ba ka cika ba." Ba ta sassauta murya ba, ba ta kuma ɗaga ba. "Jikokina za su riƙa karɓa a hannu suna gani ɗaya bayan ɗaya, su ɓata shi da yatsu. Ka wanko mini da yawa, kowane gida a ba su nasu."

"Gobe za su iso."

"Wancan kuma fitar mini da shi. Ban gama takaba ba, ba zan zauna da namiji baƙo a falo ba."

Direban tasin ya riga ya tafi. Haka na ɗauko saurayin a ka, na fito titi da rana tsaka, ina tafe yana yi wa jama'a murmushi da cikakkun haƙora. Wata mata a bakin shagon magani ta tsayar da ni, ta ce kai, wannan hoto ya yi kyau, wane ne ya ɗauka?

Na ce mata ban san shi ba.