Murhu a Jikin Bango

Tun da babbar 'yata ta tsaya a ƙofar kicin tana cizon leɓe, gabana ya faɗi. Mamansu ta tafi jinyar ƙanwarta, na ce kafin ta dawo zan gyara mata wurin. Ni na nuna wa magini gurbin murhu, a kusurwar hagu, jikin bango.

"Baba," in ji yarinyar, "Mama fa bahaguwa ce. Ina za ta sa gwiwar hannunta?"

Magini ya kau da kai. Shekara da shekaru ina cin girkin matar nan, ban taɓa lura da hannun da take riƙe ludayi da shi ba. Siminti ya riga ya bushe. Gobe za ta dawo, kuma ban san ko za ta yi magana ko shiru za ta yi ba.