Rantsuwar Alu da Ruwan Treichville

A kasuwar Adjamé, in aka ambaci Alu mai goro, sai a ce, "Wanda ba ya taka gada?" Wasu su ce tsoro ne. Tsofaffi kuwa sun san rantsuwa ce. Ranar da mahaifinsu ya rasu, Alu ya sa aka yi jana'iza bai jira wansa Sadi ya taso daga aikin tashar jiragen ruwa ba. Suka yi cacar baki a gaban mutane, Alu ya rantse ba zai sake taka gada zuwa Treichville, inda Sadi ke zaune, ba.

Treichville kuwa a kan tsibiri take, ruwa ya kewaye ta. Mahaifinsu yakan ce da ya iso daga Nijar, rairayi ne da itatuwan kwakwa da ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Ebriye. A kwalekwale suka ƙetare da shi, huhun goro a cinyarsa, yana ta salati.

Wata Asabar Rahama, 'yar Sadi, ta sauko daga gbaka, ƙaramar motar haya, ta tsaya a bakin rumfar baffanta Alu, wanda take kira Tonton.

"Tonton, jikin Baba ya yi tsanani. Sunanka yake kira."

"Na rantse, Rahama."

"To zauna da rantsuwarka, ta yi maka zumunci!"

Alu ya yayyafa wa goro ruwa, ya rufe shi da ganye, ya ɗauki hularsa.

"Gada na rantse a kanta. Mu je ta inda kakanki ya bi."

Rahama ta dube shi. "Kai da ko kwata ba ka tsallakewa sai ka yi addu'a?"

A unguwar Plateau da ke bakin ruwa suka shiga jirgin fito. Alu bai taɓa hawa ruwa ba. Ya ƙanƙame benci, gumi na zuba, gada na tsaye a gefe cike da motoci. Bai kalle ta ba. Tsibirin kawai ya zuba wa ido har jirgi ya daki gaɓa.

Sadi na kwance a tabarma, ya rame ƙwarai.

"Ka karya rantsuwar?"

"Ta ruwa na zo, kamar Baba."

Sadi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Taurin kan nan dai!"

Alu ya durƙusa, ya kama hannunsa.

"Yaya, da na jira ka ranar nan. Ban kyauta ba. Ka yafe mini."