Guzurin Sahadatou

Hajiya Afra ta haye kan akwatin ɗiyarta ta zauna daram, kuma nauyin nata ba na wasa ba ne. Fasfon yarinyar na ƙulle a bakin zanenta.

"Ba inda za ki! Na kai ki karatu Lyon, ki komo mini da zancen dabba mai cin mutane?"

Da jirgin ƙasan safe Sahadatou ta iso Aubervilliers, unguwar da uwarta ke zaune, don ta yi bankwana. Gobe za ta tashi zuwa Kanada, wata shida a daji, ta binciki abin da ke kashe baƙin beyar, dabba mai gashi da ta fi rago uku girma. In jirgi ya tashi ba ita, wani za a ba gurbin.

Abin dariyar, mai hana tafiyar ita ta cika akwatin da alkaki da ƙuli-ƙuli da zumar Maraɗi. Ko mai gyaran famfo bai taɓa fita gidan Hajiya hannu rabbana ba.

"Maman, dubi nan." Sahadatou ta nuna mata hoto a waya: beyar da ɗanta, sun cusa kai cikin kwandon shara. "Mu ke kashe su, wallahi. Wasu mota ke bankewa, wasu kuma abinci."

"Abinci? Ke, ji tsoron Allah."

"Mutane su ji tausayi su aje musu. Su saba, su riƙa bin ƙamshi har ƙofar gida. Ran da suka tsorata wani, sai a harbe su. Haka aka yi wa uwar nan."

"Ɗan fa?"

"An sa mishi abin wuya mai nuna inda yake. Shi za ni bi."

Hajiya ta daɗe tana kallon ɗan, da kunnuwansa kamar fanke. Tausayi ya kama ta sosai, don ba ta taɓa jin kyauta ta mai da wani maraya ba.

"Yana jin ƙamshi daga nesa?"

"Har ya fi ki, Maman."

Hajiya ta sauka, ta buɗe akwatin, ta fitar da zumar, sannan alkakin. A kan ƙuli-ƙulin sai da ta yi ajiyar zuciya. Ta kwance fasfon ta miƙa.

"Shekara ashirin da biyar ban bar ki kin yi tafiya ba guzuri ba. Kar mutanen Maraɗi su ji." Ta sake leƙa hoton. "Shi kuma in kin gan shi, kar ki ba shi komi. Ki ce in ji ni."