Babi na Tara

Wata huɗu Naziha ta yi tana gyaran tarihin rayuwar Alhaji Mu'tasim, tsohon darakta da ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Ita ce edita a wata ƙaramar maɗaba'a a Demsawo. Babban faɗansu a kan babi na tara ne, shafi arba'in na lambobin yabon da ya tara, har da na gasar tsaftar ofis. Sai da ta yi sawu uku zuwa gidansa a Karewa, tana "Bappa, ka yi haƙuri," kafin ya yarda ta cire shi. Littafi ya fito da babi takwas.

Ranar ƙaddamarwa, farfesan da aka gayyato ya yi sharhi ya miƙe da babbar riga, ya ce ya karanta littafin nan sau biyu, daga bango zuwa bango.

"Amma babi na tara," in ji shi, yana share ido, "shi ya sa ni hawaye."

Naziha ta gane zancen. Bai buɗe littafin ba; takardar da Alhaji ya rubuta masa tun kafin gyara yake karantawa. Zauren ya ɗauki tafi, kowa da kwafinsa a cinya, ko ledar ba a yage ba.

Alhaji ya karkato wajenta, fuska a murtuke.

"Kin ji ko, 'yata? Babin da ya fi taɓa mutane, shi kika cire."