Kason Ungozomar Yakutsk

Tun ranar da aka ce Nazira ta sauka, uwarta, yayata Inno, ta daina cin abincin kirki. Haihuwa dai an yi lafiya, inda aka yi ta ne matsalar. Karatu ya kai mijin Nazira, Habibullah, wani gari a Rasha wai shi Yakutsk, inda ya ce in ka watsa tafasasshen ruwa sama, kafin ya sauko ya zama gari. Na ce ƙaryar 'yan boko ce, sai da ya nuna mana a waya na kama bakina.

Inno tsoronta ɗaya: maijego ba wankan jego, a garin da kifi ke daskarewa a jera shi a tsaye kamar itace. Sanyi zai shige ta, ta kumbura. Mu nan Makoda ko da bazara ba a fashin wankan nan, balle can. Ta sa Habibullah ya nemo ganyen darbejiya, ya ce babu. Ta ce to ya hura wuta a tsakar gida ya ɗora tukunya. Yaron kirki, bai yi dariya ba. Ni na yi masa.

Ana gobe suna ya kira mu ta bidiyo. Ga Nazira tana gumi, fuska sai sheƙi, a gefenta wata tsohuwa maƙwabciyarsu wadda ko Turanci ba ta ji. Ita ce ta ga yarinya ba uwa a kusa, ta kai ta wani ɗakin katako da suke gasa duwatsu su zuba musu ruwa, tururi ya turnuƙe. Ta jiƙa damin ganye a ruwan zafi ta yi ta fyaɗa mata a baya.

"Da ganye?" in ji Inno.

"Da ganye, Inna," in ji Nazira. "Har ta fi ki zafin hannu."

Inno ta yi kukan daɗi, na taya ta, ban ji kunya ba.

Washegari aka yanka ragon suna a nan ƙofar gida. Wajen rabo Inno ta sa mahauci ya ware kason ungozoma. Na tambaye ta wa zai kai shi Rasha, ta ce ba ruwana. Ta zuba a kwano ta kai wa Hure, wata tsohuwa da ba ta da kowa, ta ce ta ci ta yi wa wata mata addu'a.

Hure ta tambayi sunan matar.

"Ban iya faɗa ba," in ji Inno. "Ki ce wadda ta yi wa 'yata wanka. Allah ya san ta."