Kwanciyar Gawa a Umarari

Wata Asabar Dorothy ta tafi kasuwa sayo busasshen kifi, bam ya tashi, ba ta dawo ba. Daga ranar barci ya ƙaurace wa mijinta, Malam Manasse, tsohon malamin sakandare mai kabad cike da littattafai, waɗanda ko ɗaya bai tsinana masa komai ba.

'Yarsa Phebe ta gaji da kallon ramarsa. "Baba, wata ƙungiya tana koyar da yoga a nan Umarari. Miƙe jiki ne da jan numfashi, an ce yana kwantar da hankali. Ko ka je, ko in tattara ka mu koma Jos."

Komawa Jos barin kabarin Dorothy ne. Ya je.

A rumfar da ake koyarwar ya tarar da maƙwabcinsa Madu, mai sayar da huluna, wanda ya binne 'ya'ya biyu rana ɗaya.

"Malam, kai ma an kawo ka gyara?"

"Ni gyara. Kai kam sai 'yan gwangwan."

Mai koyarwar wani saurayi ne daga Abuja, mai fara'a, wanda a talabijin kawai ya san bam. Maza gefe, mata gefe, ana ta lanƙwasa. Gwiwar Manasse ta ƙi, aka ba shi kujera.

"Na ƙarshen nan ya fi daɗi," in ji saurayin. "Kowa ya kwanta rigingine, ya saki hannu, ya rufe ido. Sunansa kwanciyar gawa." Ya bi su yana lulluɓe su da fararen mayafai saboda ƙuda. Babu wanda ya musa. Mutanen garin sun saba yin abin da mai rabon kayan agaji ya ce.

Daga kan kujera Manasse ya dube su: layi-layi a kan tabarmi, tafin ƙafa a waje. Haka ya ga gawarwaki a harabar asibiti ranar da bam ya tashi, yana ɗaga mayafi bayan mayafi. Da ya kai kan Dorothy, wani soja ya ce, "Ita ce?" Ya ce ita ce. "To matsa, akwai mutane a bayanka."

"Yanzu ku motsa yatsu," in ji saurayin. "Ku tashi a hankali."

Mayafai suka motsa. Madu ya yi hamma. Wata mata ta zauna tana gyara ɗankwali, tana laluben takalminta. Duka suka tashi, ba a bar ko ɗaya a ƙasa ba.

Ranar ya yi barci har Phebe ta tsorata. Ta daina zancen Jos. Saurayin kuwa yana nuna shi ga baƙi, wai shi ne dattijon da yoga ya warkar.

Duk mako yana zuwa, bai taɓa taka tabarmar ba. Yana zama ne ya jira a tashe su, bakinsa cike da maganar da sojan bai ba shi lokacin faɗa ba: Dorothy, tashi mu tafi gida.