Tsohon Gado na Tara

A asibitin, kowa Gaggawa yake ce mata, don ba ta iya zama wuri ɗaya. Aikinta goge ɗakin majinyata maza. Shekara biyu ke nan da maigidanta ya tafi aikin cusa kifi a gwangwani a wata ƙasa da ake Sifaniyanci, wata bakwai kuma da ta miƙa takardunta don ta bi shi. Tun ranar wayarta ba ta huta ba. Ta goge ƙarƙashin gado ɗaya, ta zaro ta ta duba, ta mayar aljihu, kafin ta kai gado na gaba hannunta ya sake komawa.

Ranar Asabar takan je aji koyon yaren. Malaminsu ya raba musu wata takarda mai ɗauke da karin magana arba'in na ƙarfafa gwiwa, ya ce su haddace, harshe zai sake. Ita kuwa ta liƙa tata a jikin keken da take tura bokiti, tana aiki tana bita. A gida ma haka, har yayarta ta gaji.

"Ke dai in kin sauka can, ruwa ma ba za ki iya roƙa ba, sai dai ki yi wa mutane wa'azi."

"Yaya, ki bar ni in ji da abin da ke damuna."

"Na bar ki. Amma shinkafar nan ta kama."

Wata Litinin ta tarar da sabon majinyaci a gado na tara. Tsoho ne fari, mai furfura, ma'aikacin jirgin ruwa. Ya faɗo daga tsani ya karya ƙugu, jirgin ya sauke shi ya ci gaba da tafiyarsa. Babu mai jin yarensa, shi ma ba ya jin na kowa. Kwana huɗu ana kawo abinci ana ɗauke shi yadda aka kawo. Sai ya juya kai bango, ya juyo, ya ja zanen gado, ya ture, idonsa kullum a ƙofa.

A rana ta biyar, tana goge gefen gadonsa ta ji yana gunaguni, ta tsinci kalma ɗaya da ta sani, wato ruwa. Ashe Sifaniyanci yake yi. Ta zuba masa, ya sha, ya kuma juya wa farantin shinkafar baya. Ta so ta ce masa ya daure ya ci, ta lalubi kanta ba ta sami ko kalma ba. Ta yi gaba da kekenta har bakin ƙofa, ta dawo, ta sake yin gaba, ta sake dawowa. Can dai ta duba takardarta, ta ɗaga farantin, ta karanto ta goma sha biyu:

"Barriga llena, corazón contento."

Ma'anarta in ciki ya cika, zuciya ta yi fari. Tsohon ya juyo a hankali ya ƙura mata ido. Sai ya girgiza kai, ya maimaita kalmar farko yana kaɗa harshe kamar injin babur. Ta gwada, ya girgiza kai. Ta sake, ya sake girgizawa. A karo na biyar dariya ta kuɓuce masa, har ya dafe ƙugu don zafi. Ya ci cokali shida.

Sista, shugabar ɗakin, tana tsaye tana kallo. "Me kika ce masa?"

"Wallahi, Sista, karin magana ce kawai."

"To gobe ki zo da wata."

Haka suka ɗora. Ta faɗi rabi, ya ƙarasa. Ranar da aka fara tsayar da shi da sanduna, ya yi taku uku yana gumi, ta ce masa "Poco a poco," wato sannu sannu, ya ƙarasa mata yana harararta. Shi kuma ya riƙa nuna mata abubuwa yana kiran sunansu: taga, cokali, matashi, allura. Ita Baba take ce masa. Ta nuna masa hoton maigidanta sanye da farar hula a bakin masana'anta, ta kwatanta jirgin sama da hannu, ta nuna kanta. Ya gane.

Wata safiya, cikin minti goma ta duba wayar sau huɗu. Tsohon yana lura. Ya nuna aljihunta, ya nuna ƙofar da shi ma yake kallo, ya ce, "El que espera, desespera."

Ta bi takardar daga ɗaya zuwa arba'in, babu wannan. Ta sa ya maimaita, ta rubuta a tafin hannunta, ta kwashe a bayan takardar kafin ruwa ya wanke. Ranar Asabar ta kai wa malam. Ya ɗan sosa ƙeya.

"Wannan ba ta ƙarfafa gwiwa ba ce. Cewa take, mai jira ransa ƙarewa yake. Wa ya ba ki?"

"Wanda ya san jira," in ji ta.

A hanyar gida ranta a ɓace yake, ta kasa jiran mota ta taka da ƙafa. Wajen rabin hanya ta ji haushin ya sauka. Wata bakwai kowa haƙuri yake ba ta, sai wannan tsohon ne ya faɗi yadda abin yake.

A sati na biyar 'yarsa ta iso, doguwar mace mai jan akwati. Bayan an gama kuka da rungume-rungume, Gaggawa ta ga ana haɗa kayansa, ta ajiye tsumma ta matso. Ba ta shirya ba, maganar ce ta fito da kanta, a karkace, kalma nan kalma can: ba ya son shayi mai sanyi, a sa masa matashi biyu, ƙafar hagu ce ke fara gajiya. Matar ta saki baki, sannan ta riƙe hannunta biyu ta zubo magana kamar an buɗe famfo. Tsohon ya ce wa 'yar ta rage gudu. Da aka turo shi a keke zai fita, ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga.

Takardunta ba su fito a watan ba, sai bayan wata huɗu. A ranar da tsohon ya tafi dai, ita da wata abokiyar aikinta suka yaye zanen gado na tara, suka kama katifar za su kai rana.

"Wai me matar nan take ta gaya miki?"

"Rabi na ji," in ji Gaggawa. "Ɗaga ta can, za ki kayar da ni."